Gidan da Za a Fara Kai Abba

Ikom, Jihar Kuros Riba
12 ga Satumba, 1998

Asiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yaro da Hajiya mahaifiyarki da kowa na Tudun Wada. Ya ruwan zafi? Allah ya ba da lafiyar shayarwa. Ni ma kalau nake, sai ruwan saman garin nan da bai san gajiya ba, har takalmina ya yi fumfuna.

Labarin suna ya iso ni ta bakin Jatau, direban motar ayaba. Ya ce an raɗa wa yaro Yakubu kamar yadda na roƙa. Wallahi sai da na shiga ɗaki na share hawaye, don ban zaci zan ji an sake kiran sunan mahaifina a kan mai rai ba. Na san bakinki ba zai iya faɗar sunan surukinki ba, to mu riƙa ce masa Abba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Arba'in na tafe, kuma dole a zaga da yaro dangi su gan shi. Kin san alawus ɗin bautar ƙasa ba ya kai ni tsakiyar wata, ga wahalar man nan da ta sa kuɗin mota ya haukace. Don haka na zauna na zana taswirar sabuwar jiharmu a bayan takardar jarrabawar ɗalibai, na fitar da tsari mai sauƙi.

Abokina Bawa yana kai hatsi Tsafe da a-kori-kurarsa duk ranar kasuwa. Zai ɗauke ku kyauta, ke da yayarki Talatu, a gaba. Ku sauka gidan Inna ku kwana biyu, ta ga jikanta. A hanyar dawowa ku tsaya Kwatarkwashi wurin kawunnanki, tunda a bakin titi suke, ku ci abincin rana a can. Daga nan Gusau, ku huta. Bungudu tana ɗaya ɓangaren, sai an shiga motar haya, to a bar ta a ƙarshe, lokacin na samu abin da zan aiko. Ko kwabo ba za ku kashe a kan abinci ko wurin kwana ba.

Batun tsaraba kuma, Hajiya ta yi alkaki samira ɗaya ya isa. Ku riƙa ɗiba gida gida, abin da ya rage ku kai wa Gwaggo Uwani a Bungudu.

Kin ga aikin mai ilimi ko? Zan rubuta wa Inna in sanar da ita ranar. Ki shafa mini kan Abba.

Mijinki,
Yusha'u

*

Tudun Wada, Gusau
22 ga Satumba, 1998

Baban Abba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwan zafi da sauƙi, sai dai Hajiya ba ta da tausayi in ta riƙe ganyen wanka. Abba yana tsotso kamar an aiko shi, kuma kunnuwanka ya ɗebo duka biyun, Allah ya ba shi haƙuri.

Na karanta tsarinka sau uku, ina ta neman inda za ka ce wasa kake yi. Haba Malam! Gwaggo a ƙarshe? Kuma da ragowar alkaki?

Bari in tuna maka, tunda ruwan Ikom ya wanke maka kai. Matar nan yayar mahaifinka ce. Da ya rasu kana ɗan shekara shida, ita ta ɗauke ka ta kai Bungudu, ta yi ƙuli-ƙuli ta sayar ta sa ka makaranta. Da aurenmu ya tashi, kawunnanka na Tsafe suka zo nema ba a gaya mata ba, wai don motarsu daga can ta taso, zuwa Bungudu ɓarnar mai ne. Sai goro ta gani an kai mata kamar kowace maƙwabciya. Ta mayar da goron, ba ta zo biki ba, kuma yau shekara biyu ko gaisuwarka ba ta amsawa. Naman sunan da muka aika mata ma an dawo da shi da ƙullinsa.

To yanzu ka ce in sake yi mata irin wancan, da yaron da ke ɗauke da sunan ƙanenta? Wallahi in muka fara da Tsafe, ƙofar Gwaggo ta rufe ke nan har abada, Abba zai girma bai san ta ba. Ni ban taɓa shiga ɗakinta ba, amma na san wannan.

Inna mahaifiyarka ce, tana da haƙƙi, kuma ina ƙaunarta. Amma Gwaggo ce babba, ko Inna Yaya take ce mata. A fara da Bungudu, sauran su biyo baya yadda ka tsara. Ka nemo mana motar da za ta kai mu can, ko ta wane hali. Kuma don Allah kada ka rubuta wa Inna tukuna, sai mun gama magana.

Na ba Jatau wannan da hannuna, ya ce jibi zai juya. Ka amsa da wuri, kwanaki tafiya suke yi.

Matarka,
Asiya

*

Ikom
1 ga Oktoba, 1998

Asiya,

Ina gaishe ki da yaro. Ina fama da ɗan zazzaɓi amma na sha magani, kada ki damu.

Wasiƙarki ta same ni shekaranjiya, kuma gaskiya ba ta yi mini daɗi ba. “Ka nemo mana mota ko ta wane hali.” Wato shatar tasi kike so a yi miki, ki shiga Bungudu ana kallonki kamar matar kantoma? Da me zan biya? Kin san yadda 'yan bumburutu ke sayar da galan yanzu? Ni nan sau biyu nake cin abinci don in tara abin da zan sayo wa Abba kaya.

Ban da haka ma, magana ta riga ta wuce. Tun ranar da na rubuto miki na jefa ta Inna a gidan waya, kuma har Kawu Labbo ya amso. Ya ce Inna ta ware zakaru biyu, ta gaya wa duk unguwa cewa ranar kasuwar farko bayan arba'in jikanta zai zo. Kina so in ce mata me? Ta mayar da zakarun akurki, Bungudu ta fi ta?

Kuma wa zai gaya wa Gwaggo inda kuka fara zuwa? Tsafe gabas, Bungudu yamma, Gusau a tsakiya. Ba ta fita, ba ta da waya. Kawai ku cika samirar da wani alkakin kafin ku je.

Bari in faɗa miki abin da ke cina, tunda ke ce. Tsoro nake ji, Asiya. Na san Gwaggo fiye da kowa. Tana iya barinki tsaye a ƙofar gida da jariri a hannu, rana na dukanku, ta ce ba ta san ku ba. In haka za ta faru, gara ta faru a ƙarshe, bayan yaro ya sha albarkar sauran dangi. Ba na so gidan farko da ɗana zai je a duniya a kore shi. Kullum sai na yi mafarkin tsakar gidan nan da bishiyar dalbejiyar da ke ciki, amma ba yadda zan yi.

Ki bi tsarin da na ba ki. Na gaya wa Bawa, zai tsaya a ƙofar gida da sassafe. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Yusha'u

*

Tudun Wada, Gusau
8 ga Oktoba, 1998

Baban Abba,

Allah ya ƙara sauƙi. Ka daina wasa da cin abinci, Abba yana da kaya.

Shatar tasi? Ni? Allah ya ba ka haƙuri. Ni da na taɓa hawa bayan motar albasa zuwa bikin ƙanwarka, yau ni ce matar kantoma. Ko a kan jaki ne zan je Bungudu, abin da na ce ke nan.

Ka ce wa zai gaya mata. To saurara. Jiya Tambaya mai daddawa ta shigo, wadda katangarsu ɗaya da Gwaggo, kullum tana kawo kaya kasuwar Gusau. Ban tambaye ta komai ba, ita ta ja ni gefe. Ta ce tun ranar suna Gwaggo ke tsare ta a kan katanga, wai ita ba ruwanta, amma yaushe ne waccan yarinyar za ta gama wanka? Ta ce Gwaggo ta sa an yi wa ɗakinka na dā sabon daɓe, ta wanke gidan sauro ta shanya. Da Tambaya ta ce baƙi za a yi ne, sai ta ce mata ta kama gabanta.

Malam, jira take yi. Kuma matar da ke da Tambaya a maƙwabci, kafin mu sauka daga motar Bawa a Tsafe labari ya kai mata.

Na roƙi Hajiya ta bar ni in je Bungudu yau in dawo, kafin ranar Tsafe. Ta ce ko gawarta ba za ta bar mai jego ta taka titi arba'in bai cika ba. Ga shi kuma arba'in ɗin na cika ne ana gobe kasuwar Tsafe. Babu rana ko ɗaya a tsakani. Safiya ɗaya ce, ko in yi gabas ko in yi yamma.

Na san kafin wannan ta iso ka an riga an yi komai, amsarka ba za ta same ni ba. Ban taɓa tsallake maganarka ba tunda aka kawo ni gidanka. Ina tuna Inna da zakarunta, ina kuma tuna gidan sauron nan a kan igiya. Hajiya ta soya alkakin, ta jera shi har baki, ta ɗaure samirar da ƙyalle. Ina zaune ina kallonta.

Ka yi mana addu'a.

Asiya

*

Ikom
21 ga Oktoba, 1998

Asiya,

Ina kike? Ina ɗana?

Yau aka kira ni ofishin shugaban makaranta aka miƙo mini takardar Kawu Labbo. Ya ce Bawa ya isa Tsafe da buhunan dawa kawai. Ya ce Inna ta yanka zakarun, ta yi waina, mata sun cika gida tun hantsi, ta yi ta leƙa zaure har la'asar. Da Bawa ya ce ya tsaya a ƙofarku Hajiya ta ce kun riga kun fita, sai Inna ta koma cikin gida. Ta raba abincin ga maƙwabta ta shiga ɗaki. Kawu ya ce in tambayi matata ko an taɓa yi mata wani laifi a Tsafe.

Taki ta takwas ga wata ma yau ta iso, tare suka zo. Na gane Bungudu kika nufa. Amma Kawu ya ce ya aika Gusau bayan kwana uku, Hajiya ta ce ba ku dawo ba, ba ta kuma ji daga gare ku ba. In Gwaggo ta kore ku, ina kuka kwana? A wace mota kuka shiga, da wannan cunkoson da ake yi a tasha? Ko wani abu ya faru a hanya ake ɓoye mini?

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Kin kunyata mahaifiyata a gaban unguwarta, kin sa na zama maƙaryaci. In kuma Gwaggo ta rufe miki ƙofa, to kin ga mun yi asarar gida biyu a rana ɗaya. Amma duk wannan zan iya haɗiyewa in na ji kuna lafiya.

Na nemi izinin tafiya, shugaban ya ce sai an gama jarrabawa. Ki rubuto ko layi ɗaya ne. Ko ki sa a buga waya gidan mai unguwar nan, lambar tana bayan takarda.

Yusha'u

*

Tudun Wada, Gusau
2 ga Nuwamba, 1998

Baban Abba,

Kwantar da hankalinka, muna lafiya, ni da Abba da Yaya Talatu. Ka yafe mini shirun. A Bungudu ban samu wanda zan ba saƙo ba, Tambaya ma ta kwanta ciwon ƙafa, da muka dawo kuma Jatau yana can yana bin layin mai. Na tsallake maganarka, na sani, kuma ina neman gafara. Amma ka ji yadda aka yi.

Ran nan kafin Bawa ya iso na goya Abba, Yaya Talatu ta ɗauki samira, muka yi tasha. Motar Bungudu ɗaya ce tal ke da mai, mutane kamar za su cinye ta. Wani dattijo Bafulatani ya ga jariri, ya tashi ya ba ni wurinsa, shi ya koma bayan mota ya maƙale. Yaya Talatu a kan buhun gishiri ta zauna, tana zagina tun daga Gusau har muka sauka.

Mun yi sallama sau uku a ƙofar gidan ba a amsa ba. Muka shiga haka nan. Tana zaune gindin dalbejiyar tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Rana ta fara zafi, Abba ya fara ƙananan kuka, na ce a raina shi ke nan, abin da Malam ya faɗa ya tabbata.

Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Daga ina kuka hito?”

Na ce, “Daga Gusau, Gwaggo.”

“Kun biya Tsahe?”

“A'a, Gwaggo. Jiya na gama wanka. Nan muka fara zuwa.”

Ta yi tsaki, ta ce kowa ma ya iya faɗin haka. Sai Yaya Talatu ta tura mata samirar gabanta. Ta daɗe tana kallon ƙullin ƙyallen, sannan ta kwance da kanta, ta ɗaga murfin. Alkaki a jere har baki, yadda Hajiya ta shirya shi, zumar ta kama su wuri ɗaya, ko guda ba a ɓamɓare ba. Ta sa yatsa ta bi gefen, ta mayar da murfin a hankali.

Ta ce, “Kwanto shi.”

Na kwanto shi na miƙa mata. Ta buɗe fuskarsa, ta duba kunnuwan. Ta ce, “Yakubu. Kai ne sai yanzu?” Daga nan ta fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin babba ya yi ba, ni ma na kama, Yaya Talatu ma da ke zagina ta kama.

A ɗakinka muka kwana, cikin gidan sauron. Washegari na ce mata za mu koma, na gaya mata gaskiya cewa Inna ta yi girki jiya tana jiranmu, kuma ban san da wace fuska zan shiga Tsafe ba. Sai ta ce babu inda za mu sai kasuwa ta zagayo. Kwana shida na yi hankalina a tashe, ita kuwa tana ta yi wa Abba wasa tana ce masa angonta mai rowa, ya zo ba ko goro.

Sauran labarin ta hana ni faɗa. Ta biyo mu Gusau, tana nan zaune kusa da ni yanzu haka a ɗakin Hajiya, ta ce in juya takarda in rubuta abin da za ta faɗa, kada in gyara ko kalma ɗaya.

Matarka,
Asiya

*

Yusha'u,

Ni ce Uwani. Ina lahiya, sai gwiwa. An ce kana zazzaɓi kana kuma ƙin cin abinci don tattali. Tun kana yaro haka kake, ka ɓoye ƙuli-ƙuli cikin aljihu har ya yi tsutsa.

An karanta mini takardar da ka ce a kawo mini ragowar alkaki. Ni na sa aka karanta, kada ka ga laihin yarinya. Na ji, kuma ban yi mamaki ba.

Ran kasuwa na sa aka kai mu Gusau, na shiga motar abokin nan naka Bawa. Ni na zauna gaba da yaro a cinyata, Talatu tana baya kan buhu tana ta mita. Motar tasa ta mutu sau biyu kahin Kwatarkwashi, ka gaya mashi ya ji tsoron Allah. Rabona da Tsahe tun ranar da na ɗauko ka.

Da muka shiga, uwarka tana tsakar gida, ta gan ni da goyo ta saki tsintsiya. Na ce mata, “Maryama, ni na riƙe su. In da laihi nawa ne, ga ni na kawo kaina.” Na kwance yaro na sa mata a hannu gaban matan unguwa duka, don su gani su kai labari. Ta ce, “Yaya, ai naki ne.” Na ce na sani. Labbo ya so ya yi magana, na dube shi, ya tuna yana da aiki a kasuwa. Zakara ɗaya ya rage a gidan, shi ma ya tahi. Mun kwana biyu ɗaki ɗaya da uwarka, mun yi maganar Yakubu har muryarmu ta dishe. Mun tsaya Kwatarkwashi mun ci tuwon mutane kyauta, yadda ka tsara, kada ka ce an ɓata maka lissahi.

Matarka ta ce kana hushi da ita. Ka kuskura ka ɗaga mata murya, ni da kai ne.

An ce watan gobe za a ba ku hutu. To ka saurara da kyau. Motarku ta Zariya za ta biyo, kuma Tsahe za ta fara isa. Ka sauka nan ka gaida uwarka, ka kwana, ka ci abincinta. Kada ka wuce ta ka ce za ka fara zuwa Bungudu, ka ƙona mai a banza. Ni an riga an kawo mini nawa da murhinsa a ruhe.

In ka gama da kowa ka zo. Ɗakinka yana nan, na bar gidan sauron a ɗaure.

Gwaggonka,
Uwani